Oba-oba, Gajeren Zango Ko Farantin Tauraro: Wanne Ya Dace Da Mai Sha'awar Rediyo A Jidda?

Ɗan ƙanwata da ke karatun lantarki ya same ni bayan sallar Isha'i a ɗan ɗakin da na mayar tashar rediyo, ya daɗe yana kallon allon na'urar, sannan ya ce, "Kawu, na tara riyal dubu uku, amma na rasa wanne zan saya." Irin wannan ruɗanin na sha fama da shi lokacin da na shiga harkar da Larabawa ke kira huwatul lasilki, mu kuma muke cewa rediyon 'yan sha'awa, wato mutum ya kafa tashar kansa da izinin hukuma, ya riƙa magana da takwarorinsa na duniya ba don neman kuɗi ba. Ni dai abin ya samo asali ne daga akwatin rediyon mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda yake murɗawa da dare yana laluben Sashen Hausa na BBC a gajeren zango, muryar mai labarai tana tasowa tana nutsewa. Na tambaye shi dalilin hakan, ya ce iska ce. Sai bayan shekaru na gane cewa bai yi nisa da gaskiya ba, domin wani rufin iska mai ɗauke da caji, da ke kimanin kilomita 300 a samanmu, shi ne ke dawo da siginar ƙasa, kuma halinsa yana sauyawa tsakanin dare da rana.

Hanyoyi huɗu ne a gaban mai farawa: na'urar saurare zalla, oba-oba ta hannu, babbar rediyon gajeren zango, da tashar da ke bi ta tauraron ɗan adam na QO-100. Duka huɗun na taɓa su, wasu da daɗi, wasu da asara.

Abubuwan da za a auna

Ma'auni na farko, wanda masu saye suka fi mantawa da shi, shi ne inda za a kafa eriya. Yawancinmu a Jidda da Makka haya muke yi a benaye, mukullin rufin gida yana hannun haris, wato mai gadin gidan, shi kuma haris ba ya motsi sai da yardar mai gida. Rediyon riyal dubu huɗu da aka haɗa da eriyar da aka saƙala a taga ba za ta kamo ƙafar rediyon riyal dubu ɗaya da ɗari bakwai mai eriya a sarari ba. Saboda haka kafin a buɗe jaka, a fara hawa sama a duba.

Na biyu shi ne izini. Hukumar sadarwa da sararin samaniya da fasaha ta Saudiyya, wadda ake taƙaita sunanta da CST, ita ke ba da lasisi bayan jarrabawa, ta kuma ba mutum alamar kira. Alamomin wannan ƙasa suna farawa da HZ ko 7Z ko 8Z, kamar yadda na Nijeriya ke farawa da 5N, na Nijar da 5U, na Sudan kuma da ST. Watsa sigina ba tare da lasisi ba laifi ne, kuma baƙo mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama, ya fi kowa sanin abin da ƙaramin laifi ke iya jawowa. Haka nan na'urar watsa sigina da aka yi oda daga waje tana iya maƙalewa a kwastam idan babu amincewar hukuma, don haka takarda ce ke gaba, kaya na biye.

Sai kuɗi, kuma ina nufin kuɗin tasha gaba ɗaya, da kebul da na'urar ba da wuta da eriya. Farashin da zan ambata kimantawa ne daga kasuwannin waje, a kan canjin riyal 3.75 kowace dala, kafin kuɗin dako da harajin kashi 15 cikin ɗari. Sai juriya, domin iskar Jidda tana ɗauke da danshi da gishirin Bahar Maliya, kuma duk mahaɗin kebul da aka bari a buɗe a kan rufi zai yi tsatsa kore kafin shekara ta zagayo. Na ƙarshe su ne sauƙin koyo, da haɗari, da tambayar da ke zuciyar kowane Bahaushe a nan: shin za ta kai ni gida? Tsakanin Jidda da Kano akwai kimanin kilomita 3,400.

Na'urar saurare zalla

Wannan 'yar aba ce mai kama da filashin kwamfuta, irin su RTL-SDR, wadda ake soka wa a kwamfuta ta mayar da allonta rediyo mai nuna sigina ido da ido. Samfurin V4 yana kamawa daga kilohaz 500 har zuwa megahaz 1,700 da ɗoriya, kuma da 'yar eriyarsa ba ya wuce riyal 200. Ba ta watsa komai, don haka ba za ta shiga zangon kowa ba, sai dai hankali ya nuna cewa kada mutum ya tsaya sauraren abin da bai shafe shi ba, kada kuma ya ɗauke ta ya nufi filin jirgi ko wuraren tsaro. Tana ɗaukar zafi sosai idan ta daɗe a kunne, amma ba ta cika mutuwa ba. Babban amfaninta shi ne tana gaya wa mutum gaskiyar gidansa: idan fitilun zamani da na'urorin sanyaya ɗaki na maƙwabta sun cika zangon mita 40 da shuuu, zai gani da riyal 200 maimakon ya gano hakan bayan ya zubar da dubbai.

Oba-oba ta hannu

Ita ce ta fi jan hankalin matasa saboda araha. Baofeng UV-5R tana kaiwa riyal 100 zuwa 130, tana fitar da wat 5 ko ƙasa da haka, yayin da Yaesu FT-65 ke kusan riyal 400, da jiki mai ƙwari da kunne mai tace hayaniyar gari. Zangon 'yan sha'awa a yankinmu shi ne megahaz 144 zuwa 146, da kuma 430 zuwa 440. Siginar waɗannan zanguna a miƙe take tafiya kamar haske, don haka daga rufin bene mai tsayin mita 25 mutum zai kai kimanin kilomita 20, a cikin unguwa kuwa tsakanin gine-gine ƙasa da haka nesa ba kusa ba, sai fa in akwai na'urar maimaita sigina a wani tudu. Akwai ranakun bazara da iska mai ɗumi ke kwanciya a kan teku ta zama kamar bututu, sigina ta tsallaka Bahar Maliya zuwa gaɓar Sudan da ke kusan kilomita 300, amma wannan kyauta ce, ba a gina tasha a kanta.

Haɗarinta ya fi farashinta girma. UV-5R tana iya watsawa daga megahaz 136 har 174, kuma a cikin wannan tazara akwai megahaz 156.800, tasha ta 16 da jiragen ruwa ke neman agaji a kanta. A garin da ke da tashar jiragen ruwa irin Jidda, yaro ya ɗauki oba-oba ya danna a wurin da bai sani ba ba wasa ba ne. Duk wanda ya saye ta sai ya share tashoshin da ta zo da su, ya cika ta da na 'yan sha'awa kaɗai.

Inda oba-oba ke ba da mamaki shi ne sama. Tauraron SaudiSat-1C, wanda 'yan sha'awa suka sani da SO-50, an harba shi a Disamba 2002, kuma ya shafe fiye da shekara ashirin yana maimaita muryoyi: ana aika masa a megahaz 145.850 tare da sautin buɗewa na haz 67, ana karɓa a 436.795. Yakan ratsa sama cikin kamar minti goma, mutum na tsaye da 'yar eriya mai haƙarƙari a hannu yana bin sa, yana kuma ɗan sauke lambar karɓa saboda gudun tauraron yana gusar da ita. A lissafi, idan ya biyo ta saman Chadi, mai tasha a Jidda da mai tasha a Kano za su iya ganinsa tare na ɗan lokaci. Tashar sararin samaniya ta duniya ma ana jin ta a 145.800, kuma a Mayu 2023, lokacin da Rayyana Barnawi da Ali al-Ƙarni suka je can, sun yi magana da ɗalibai a Saudiyya ta rediyon 'yan sha'awa.

Babbar rediyon gajeren zango

A nan ne zuciyar harkar take, kuma a nan kuɗi ke tafiya. Uku ne na fi ganin mutane na kai-kawo a tsakaninsu. Xiegu G90 tana fitar da wat 20, tana da na'urar daidaita eriya a cikinta wadda ke karɓar kusan kowace waya aka ba ta, farashinta kusan riyal 1,700, sai dai allonta ƙarami ne, kuma ba ta da fanka a ciki, abin da ya kamata mai zama a ƙasar zafi ya lura da shi. Yaesu FT-891 tana ba da wat 100 a kan kimanin riyal 2,500, jikinta ƙarami mai jure tafiya, amma babu na'urar daidaitawa a cikinta, kuma abubuwa da yawa suna ɓoye a cikin jerin zaɓuɓɓuka da sai an haddace. Icom IC-7300, wadda ta fito a 2016, ita ma wat 100 ce, da allon taɓawa mai nuna duk zangon a lokaci guda, da na'urar daidaitawa, kuma kebul ɗaya ke haɗa ta da kwamfuta. Farashinta yana tsakanin riyal 4,000 da 4,500. Duk mai wat 100 tana buƙatar wutar folt 13.8 mai ƙarfin fiye da amfiya 20, wato a ƙara kamar riyal 500 na na'urar ba da wuta, kuma a guji mai arha wadda ita kanta take haifar da hayaniya.

Eriya mafi sauƙi waya ce biyu da aka miƙe hagu da dama: tsawonta duka kimanin mita 10 ne ga zangon mita 20, wato megahaz 14, ko mita 20 ga zangon mita 40. Da irin wannan waya, tsalle ɗaya daga rufin iskar can yana iya kai sigina har kusan kilomita 4,000, ke nan Kano da Zinder suna cikin tsalle guda. Amma rana ce ke da iko. Tana da zagaye na kimanin shekara 11, wanda muke ciki ya fara a Disamba 2019, ya kai ganiyarsa wajen 2024, kuma yayin da yake sauka zangunan mita 10 da 15 za su riƙa rufewa da wuri, a koma dogaro da mita 20 da 40.

A nan ne na yi babbar asarata. Na sayi rediyo kafin in nemi izinin rufi, da na je wa haris da maganar sai ya ce mai gida ne zai yanke. Mai gidan, dattijo ne mai fara'a, ya hau tare da ni, ya dubi wayar da nake so in ja daga tankin ruwa zuwa ɗakin matakala, ya ce, "Ya waladi, wannan maƙwabta za su ce mene ne?" Na yi bayani, na nuna takarda, ya girgiza kai. Wata bakwai rediyon tana cikin kwalinta. Da na samu na rataya gajeriyar waya a baranda, hayaniyar gidan ta kai ba na jin kowa sai manyan tashoshin Turai. Abin da ya cece ni shi ne FT8, tsarin da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, ya fitar tare da Steve Franke a 2017. Kwamfuta ce ke musayar gajerun saƙonni kowane daƙiƙa 15, tana tsamo siginar da kunne ba zai taɓa ji ba, kuma a megahaz 14.074 na samu ƙasashe da dama da wayar baranda. Sai dai saƙon da mutum zai rubuta da kansa ba ya wuce harafi 13, ko gaisuwar kirki ba ta shiga, kuma dole agogon kwamfuta ya daidaita da kusan daƙiƙa ɗaya. Wanda ke son hira, wannan ba zai ƙosar da shi ba.

Haɗarin gajeren zango shi ne shiga talabijin da lasifikar maƙwabta, da kusantar wayar wuta lokacin kafa eriya, da tsawa a 'yan kwanakin da ake ruwa a Jidda, wanda maganinta cire kebul daga rediyo. Ta fuskar juriya kuwa, rediyon da ke zaune a ɗaki mai sanyi tana iya shekara goma sha ba ta ce uffan ba, kuma in an tashi sayarwa tana riƙe darajarta fiye da sauran.

Farantin tauraron QO-100

A ranar 15 ga Nuwamba 2018 aka harba tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar, ɗauke da na'urar 'yan sha'awa da ƙungiyar Katar da takwararta ta Jamus suka yi aikinta, aka buɗe ta a Fabrairu 2019, ita ce ake kira QO-100. Yana tsaye cak a nisan kimanin kilomita 36,000, a digiri 25.9 gabas, yana ganin duniya daga gabashin Brazil har Thailand, wato Afirka baki ɗaya tana ƙarƙashinsa dare da rana, ba ruwansa da halin rana. Ana aika masa a gigahaz 2.4, ana karɓa a wajen megahaz 10,489.

Abin da ya sa na fi karkata gare shi ga mazaunin haya shi ne eriyarsa farantin talabijin ne na yau da kullum, mai faɗin santimita 80 zuwa 100. Kuma yana maƙwabtaka da taurarin Badr na Arabsat da ke digiri 26, don haka duk mai ɗaura dish a Jidda ya san wurin da ido rufe, kudu maso yamma, ɗage kamar digiri 60. Mai gidan da ya hana ni waya bai ko ɗaga kai ba da na ce faranti zan ƙara, domin akwai goma sha a kan rufin. Kan farantin talabijin, wato LNB, yana sauko da siginar zuwa kusan megahaz 739, inda 'yar RTL-SDR ɗin nan ke kama ta, ke nan saurare bai fi riyal 400 ba gaba ɗaya. Wanda ma bai da faranti zai iya ɗanɗanawa ta intanet, ta na'urar sauraren da ke Goonhilly a Ingila.

Watsawa ce ke da aiki. Ana buƙatar na'ura irin ADALM-Pluto mai haɗa siginar da za a aika, kusan riyal 900, da amfilifaya da za ta ɗaga siginar zuwa 'yan wat kaɗan, da eriya ta musamman a bakin faranti mai murɗa sigina, da tacewa, da haƙurin saita manhaja. Jimilla tana kaiwa riyal 2,000 zuwa 3,000, kuma babu kwali ɗaya da za a buɗe a kunna. LNB ɗina na farko, mai arha, da rana ta buga shi sai muryoyi su riƙa zamewa a allo kamar an ja su da igiya, ina bi ina murɗawa, har na koyi sa manhaja ta kulle kanta da siginar alama da tauraron ke fitarwa kullum, daga baya na canja shi da mai tsayayyen agogo. Kayan da ke kan rufi kuwa sai an sa su a akwati mai inuwa da iska, a naɗe kowane mahaɗi da tef mai hana danshi. Akwai ladabi: ba a yin FM, faɗin sigina ba ya wuce kilohaz 2.7, ƙarfi ba ya wuce na siginar alama, in ya wuce tauraron zai yi wa mutum jiniya kowa na ji. Kada a tsaya gaban faranti ana watsawa, kuma a tabbata lasisin da ke hannu ya haɗa da wannan zango. Mutum yana jin muryarsa ta dawo bayan kusan rubu'in daƙiƙa, abin da ke rikita harshe a ranar farko.

| Hanya | Kuɗin tasha (riyal) | Wurin eriya | Juriya | Koyo | Babban haɗari | Kai wa Kano |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Saurare zalla | 150–200 | Taga ko baranda | Mai kyau | Sauƙi | Kaɗan | Ji kawai |
| Oba-oba | 100–600 | Hannu | Gwargwadon kuɗinta | Sauƙi sosai | Shiga zangon da ba naka ba | Da ƙyar, ta SO-50 |
| Gajeren zango | 2,300–5,500 | Mita 10 zuwa 20 a rufi | Mafi daɗewa | Matsakaici | Hayaniya da ƙorafin maƙwabta | Idan rana ta yarda |
| QO-100 | 2,000–3,000 | Faranti ɗaya | Zafi na cin kayan rufi | Wuya | Kuskuren haɗawa | Kowane lokaci |

Wa ya dace da wanne

Akwai abin da tebur ba ya nunawa. Masu lasisi a Nijeriya da Nijar 'yan ƙalilan ne, har Turawa kan yi cincirindo a kan duk tashar 5U da ta bayyana, don haka wanda ya shiga harkar da zaton zai riƙa hira da Hausa kullum zai sha jira, kuma doka ba ta yarda a miƙa wa dangi marasa lasisi tasha su gaisa yadda suka ga dama ba. Wannan aikin WhatsApp ne.

Wanda bai samu lasisi ba tukuna, ko bai tabbatar sha'awar za ta ɗore ba, ya tsaya a na'urar saurare, ya yi wata biyu ko uku yana koyon yadda ake kira da amsawa. Mai yawan fita sahara da abokai masu lasisi, ko mai son bin taurari daga rufi, oba-oba ta ishe shi, kuma in da hali ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai ƙwari. Mai gidan kansa, ko mai istiraha, wato gidan shaƙatawa, a bayan gari inda babu hayaniyar lantarki, gajeren zango ne nasa, IC-7300 idan aljihu ya kai, G90 idan zai riƙa ɗaukar ta da batir zuwa bakin teku, FT-891 idan mota ce tasharsa. Mazaunin bene mai hannun gyara, wanda kuma Afirka ce burinsa, faranti ya fi masa.

Ɗan ƙanwata yana hawa na uku a gidan haya, kuma ya iya riƙe ƙarfen narka dalma. Na ce masa ya cire riyal 400 ya haɗa bangaren saurare na QO-100, ya zauna ya yi karatun jarrabawa, sauran 2,600 kuma ya bar su a banki har alamar kiransa ta fito. Ya ce, "To Kawu, LNB ɗin nan naka na farko yana nan?" Na ce yana cikin kwali a ƙarƙashin tebur, ya ɗauka, amma ya fara gwada shi da dare.